Uwar Kamfani Ta Sayar da Wani Kaso na Reshenta: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Cinikin Hannun Jarinta

A watan Disamba na 2021 kamfanin MTN na Afirka ta Kudu ya fitar da wani kaso na hannun jarin reshensa na Nijeriya ga jama'a a kan naira 169 kowane ɗaya, kuma mutum yana zaune a Gombe ko Kumo ko Bajoga yana iya saye ta wayarsa ba tare da ya taka ofishin dillali ba. A irin wannan lokaci hankalin kowa yakan koma kan reshen da aka fito da shi kasuwa, a manta da wanda ya riga ya sa kuɗinsa a babban kamfanin da ya mallaki reshen. Tambayoyin da ke ƙasa na wannan mutumin ne. A cikinsu, uwar kamfani na nufin kamfanin da ke riƙe da rinjayen hannun jarin wani kamfani, reshe kuma shi ne wancan kamfanin da ke ƙarƙashinta, mai rajistarsa da daraktocinsa da lissafinsa na kansa.

Me ake nufi da saurin cinikin hannun jari?

Wanda ya kai buhun masara ashirin kasuwar Tudun Hatsi da safe ya san cewa kafin azahar zai iya komawa gida da kuɗinsa, domin masu saye suna nan, farashin ranar sananne ne ga kowa, kuma abin da ke tsakanin tayin mai saye da kuɗin da mai kaya zai sallama bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma yake son sayar da fili a bayan gari yana iya yin wata uku dillalai suna kawo masa masu tayi yana cewa albarka, kuma ranar da buƙata ta matsa masa, sai ya karyar da shi. Masara da fili duka dukiya ce, amma ɗaya tana komawa kuɗi nan take, ɗayar kuwa tana iya yin kwantai.

Haka hannun jari yake. Ana cewa hannun jarin kamfani yana da saurin ciniki idan mutum zai iya saye ko sayar da adadi mai yawa cikin ɗan lokaci ba tare da cinikin nasa ya girgiza farashin ba. Abubuwa uku ake dubawa: tazarar da ke tsakanin tayi mafi tsada da sallama mafi araha, yawan hannun jarin da ke jiran ciniki a kowane farashi, da kuma yawan abin da ake juyawa a kullum. Ya kamata a raba wannan da tsada. Hannun jari yana iya yin tsada ƙwarai a takarda alhali babu mai saye, kamar yadda filin da aka yi wa kuɗi naira miliyan goma bai zama miliyan goma a aljihu ba sai ranar da aka ƙirga su.

Ta wace hanya uwar kamfani ke sayar da hannun jarin reshenta?

Hanyar da aka fi nufi da wannan batu ita ce uwar ta sayar wa jama'a wani ƙaramin kaso na reshen ta kasuwar hannun jari, ta riƙe rinjaye a hannunta. Haka Volkswagen ya yi da Porsche a ranar 29 ga Satumba 2022 a kasuwar Frankfurt ta Jamus, inda aka sayar da kowane hannun jari a kan yuro 82.50. A Amurka kamfanoni da yawa ba sa sayar da fiye da kashi 20 cikin ɗari a karon farko, saboda dokar haraji ta ƙasar tana ba da wasu sauƙaƙe ga uwar da ta riƙe kashi 80 ko fiye.

Akwai hanyoyin da suka yi kama da wannan amma hukuncinsu ya bambanta. Uwar tana iya raba wa masu hannun jarinta hannun jarin reshen kyauta, ta wanke hannunta daga gare shi, kamar yadda bankin UBA ya yi da kamfanonin da yanzu ake kira United Capital da Africa Prudential, waɗanda suka shiga kasuwa a watan Janairu na 2013, bayan Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna haɗa aikin banki da wasu sana'o'i a ƙarƙashin lasisi ɗaya. Tana iya sayar wa kamfani guda ɗaya kai tsaye, kamar yadda UAC ya sayar wa Tiger Brands kashi 49 cikin ɗari na UAC Foods a 2011. Tana kuma iya shigar da reshen kasuwa ba tare da ta nemi kuɗin jama'a a ranar ba, wato a rubuta shi a jerin kamfanonin kasuwa kawai domin masu riƙe da shi su sami wurin ciniki. Ta wannan hanya MTN Nijeriya ya shiga a watan Mayu na 2019 a kan naira 90, Transcorp Power kuma a ranar 4 ga Maris 2024 a kan naira 240.

Shin adadin hannun jarina a uwar kamfani zai ragu ko zai ƙaru?

Ba zai motsa ba. Mai guda dubu biyar kafin a sayar yana nan da dubu biyar ɗinsa bayan an sayar, kuma jimillar hannun jarin uwar da ke yawo a kasuwa tana nan yadda take. Abin da ya sauya shi ne abin da ke cikin rumbun: a da uwar ta mallaki reshen gaba ɗaya, yanzu ta mallaki kashi 80 ko 75 da kuma kuɗin da aka biya.

Inda kuɗin suka shiga yana da muhimmanci. Idan sababbin hannayen jari reshen ya fitar, kuɗin nasa ne, zai yi aiki da su. Idan kuwa tsofaffin da ke hannun uwar aka sayar, kuɗin na uwar ne, tana iya biyan bashi da su, ko ta faɗaɗa wata sana'a, ko ta raba. Volkswagen ya raba wa masu hannun jarinsa kashi 49 cikin ɗari na abin da ya samu, inda kowane hannun jari ya karɓi yuro 19.06 a farkon 2023.

To idan adadin bai sauya ba, me zai sa cinikin hannun jarin uwar ya ƙara sauri?

Amsar tana cikin abin da ke haifar da tazara tsakanin tayi da sallama tun farko. Duk wanda ya taɓa sayen sa a kara ya san cewa babban abin da yake tsoro shi ne mai dabbar ya san wani aibi da shi bai sani ba. Saboda wannan tsoron yake rage tayinsa, ba don sa ɗin bai kai ba, sai don ya bar wa kansa abin da zai rufe asara idan ta bayyana. Mai tayi a kasuwar hannun jari ma haka yake. Duk lokacin da ya ga wani yana gaggawar sayarwa, yakan tambayi kansa ko wannan mutumin ya ji wani labari ne daga cikin gida. Gwargwadon duhun da ke kewaye da kamfani, gwargwadon nisan da masu tayi ke ja da baya, tazara ta faɗaɗa, ciniki ya yi sanyi.

Babban kamfani mai sana'o'i huɗu ko biyar a ƙarƙashin inuwa ɗaya yana da irin wannan duhun. Rahotonsa na shekara yakan haɗa lissafin rassan wuri guda, ya ba kowanne 'yan layuka, kuma mai karatu daga waje ba ya iya tantance wane reshe ne ke ciyar da gidan, wane ne ke cinye abin da sauran suka tara. Da zarar reshe ya shiga kasuwa, dole ya riƙa buga lissafinsa na kansa duk bayan wata uku, ya kira taron masu hannun jari, ya bayyana bashin da ke kansa da cinikin da ke tsakaninsa da uwarsa. Manazartan da suka ƙware a sana'ar reshen, misali wutar lantarki ko siminti, waɗanda a da ba su da dalilin duba uwar, sukan fara rubutu a kansa, kuma abin da suka gano yana amfanar duk mai son ƙiyasta darajar uwar. Fiye da duka, kasuwa tana yi wa reshen kuɗi kowace rana a bainar jama'a. Mutum na iya ɗaukar farashin reshen, ya ninka da adadin da uwar ke riƙe da shi, ya san darajar wannan ɓangare na dukiyarta ba tare da ya dogara da faɗar daraktoci ba.

Idan abin da na ciki ya sani da abin da na waje ya sani suka matso kusa da juna, mai tayi ba ya buƙatar barin wa kansa tazara mai faɗi. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa sayar da kason reshe yana ƙara wa hannun jarin uwar saurin ciniki. Akwai kuma ƙaramin dalili na biyu: masu bibiyar farashin biyun sukan sayi wanda suka ga ya yi araha su sayar da wanda ya yi tsada, kuma wannan kai-komo kansa ciniki ne da ke ƙara wa kasuwar uwar motsi.

Akwai dalilin da zai sa cinikin ya ragu maimakon ya ƙaru?

Akwai, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Wanda ke sayen garke guda na awaki hamsin bai cika damuwa da cewa mai su ya san ciwon akuya ɗaya ba, domin aibin ɗaya yana narkewa a cikin lafiyar sauran. Masana tattalin arziki, irin su Subrahmanyam a 1991 da Gorton tare da Pennacchi a 1993, sun nuna cewa takardar jarin da ta haɗa dukiyoyi da yawa a ƙunshi ɗaya tana rage wa mai sirri damar cin riba da sirrinsa, don haka tazararta takan fi ƙanƙanta. Idan aka fara kwance ƙunshin, wanda ya san sirrin ɓangare ɗaya ya sami inda zai yi amfani da shi kai tsaye, kuma ragowar uwar ta zama abin da ya fi sauƙin yi wa kwanton ɓauna.

Dalili na biyu ya fi sauƙin gani da ido, shi ne ƙaurar masu saye. Sau da yawa reshen da ake fitarwa shi ne abin alfaharin gidan, wanda mutane suke sayen hannun jarin uwar dominsa saboda babu wata ƙofa ta isa gare shi. Ranar da aka buɗe masa ƙofarsa ta kansa, waɗannan mutanen ba su da sauran dalilin bi ta zaure. Kimanin mako guda bayan Porsche ya shiga kasuwa, darajarsa ta zarce ta Volkswagen ɗin da ke riƙe da kashi 75 cikin ɗari nasa.

A wurinmu akwai wani salon wannan ƙaura da ya dace a ambata. Masu zuba jari da yawa a Gombe da sauran garuruwan Arewa suna tambayar halaccin sana'ar kamfani da yawan bashin ruwan da ke kansa kafin su saya, kuma tun 2012 kasuwar Nijeriya take da ma'auni na musamman, wanda aka kafa tare da Lotus Capital, na kamfanonin da suka tsallake tantancewar Shari'a. Uwar da ta haɗa sana'ar da babu shubuha a cikinta da wata mai shubuha tana iya faɗuwa a tantancewar, alhali reshenta mai sana'a guda ya tsallake. Mai neman halal zai nufi reshen ne, uwar ba ta ƙaru da shi ba.

Wanne daga cikin biyun ne bincike ya tabbatar?

Abin da aka fi samun daidaito a kansa shi ne farashi, ba saurin ciniki ba. Katherine Schipper da Abbie Smith sun nuna a 1986 cewa a Amurka farashin hannun jarin uwar yakan ɗan tashi, kusan kashi 2 cikin ɗari a matsakaici, idan ta sanar da sayar da kason reshe, alhali yakan faɗi idan kamfani ya sanar da fitar da ƙarin hannun jarinsa na kansa. Fassarar da aka fi yi wa wannan ita ce, daraktocin da suka zaɓi sayar da na reshen suna nuna cewa a ganinsu na uwar ya yi araha da yawa, ba sa son rabuwa da shi a wannan farashi.

A kan duhun bayani kuwa, sakamakon ya rabu. Krishnaswami da Subramaniam sun gano a 1999 cewa bayan kamfanoni sun raba rassansu ga masu hannun jari, hasashen manazarta yakan fi dacewa da abin da ya faru. Huson da MacKinnon kuma sun gano a 2003 cewa bayan irin wannan rabuwa kuɗin da ciniki ke ci da girgizar da yake yi wa farashi sun ƙaru. Waɗannan ba su ƙaryata juna ba: jama'a na iya ƙara fahimtar kamfani, a lokaci guda kuma masu sirri su ƙara samun filin aiki. A ganina, duk wanda ya ce maka sayar da kason reshe kullum yana ƙara wa uwar saurin ciniki ya faɗi rabin magana ne. Amfanin ya fi fitowa inda uwar ta kasance mai duhu sosai tun farko, sana'ar reshen ta bambanta da tata, kuma akwai manazarta masu yawa da za su karanta sababbin rahotannin. Kusan duk waɗannan nazarce-nazarcen a kan kasuwar Amurka aka yi su, inda sharaɗi na ƙarshen ya cika fiye da yadda ya cika a kasuwar hannun jarin Nijeriya da ke Legas.

Zai yiwu darajar uwar a kasuwa ta gaza darajar kason da take da shi a reshen?

Ya faru, kuma misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin 3Com na Amurka da reshensa Palm. A ranar 2 ga Maris 2000, 3Com ya sayar da kimanin kashi 5 cikin ɗari na Palm, bayan ya sanar cewa zai raba wa masu hannun jarinsa ragowar, kowane ɗaya ya sami kusan ɗaya da rabi na Palm. A ƙarshen ranar Palm ya tsaya a dala 95.06, wanda ke nufin kowane hannun jarin 3Com yana ɗauke da Palm na kusan dala 145, ban da sauran sana'o'insa da kuɗinsa na ajiya. Amma 3Com ya tsaya a dala 81.81. Wato an yi wa saniya da ɗan maraƙinta kuɗin da bai kai na maraƙin shi kaɗai ba.

Dalilin yana da alaƙa kai tsaye da batunmu. Kason Palm da ke yawo ya yi kaɗan ƙwarai, masu ɗoki sun yi masa yawa, kuma waɗanda suka ga kuskuren ba su sami hannun jarin Palm da za su ara su sayar ba don su danne farashin. Farashin da 'yan tsirarun ciniki suka kafa ba lallai ne ya zama wanda za a samu ba idan uwar ta fito da kasonta gaba ɗaya.

A gida ma an ga makamancin haka. Ranar da Transcorp Power ya shiga kasuwa da hannun jari biliyan 7.5 a kan naira 240, darajarsa ta kama naira tiriliyan 1.8, uwarsa Transcorp kuma tana riƙe da fiye da rabi, amma darajar uwar gaba ɗaya a kasuwa, duk da otal ɗinta na Abuja da sauran kadarorinta, ba ta kai darajar wannan kason ba. Wani ɓangare na irin wannan giɓi yana da dalili, domin uwar tana da bashinta da kuɗin tafiyar da ofishinta, kuma mai hannun jarinta ba shi da ikon tilasta a sayar da reshen a ba shi rabonsa. Saboda haka giɓin na iya daɗewa shekaru, kuma ganinsa kaɗai bai isa hujjar saye ba.

Me ya bambanta kasuwar Nijeriya a wannan batu?

Na farko, sau da yawa tambayar ba ta ma tasowa a nan, domin uwar ba ta cikin kasuwarmu. Dangote Cement da BUA Foods suna cikin kasuwar NGX, wato kasuwar hannun jarin Nijeriya, amma kamfanonin da suka haife su na masu su ne, ba a cinikin hannun jarinsu. Uwar MTN Nijeriya tana kasuwar Johannesburg, uwar Airtel Africa kuma tana Indiya. Inda ake samun uwa da reshe duka a Legas, irin Transcorp da rassansa biyu, ko UAC da CAP da Livestock Feeds, ba su da yawa.

Na biyu shi ne kason da ke yawo a hannun jama'a, wanda a nan ya fi kowane abu tasiri. Ƙa'idar babban jerin kasuwar ita ce kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin kamfani, ko kuma na wani adadin kuɗi da aka ƙayyade, ya kasance a hannun waɗanda ba masu iko da kamfanin ba. Kamfani na iya zama na tiriliyoyin naira amma abin da ake juyawa a rana bai wuce abin da attajiri ɗaya zai iya saye ba. Na uku, ba a barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana ɗaya. Wannan yana kare mutane daga firgici, amma a ranar mummunan labari yakan sa masu sayarwa su yi layi a farashin ƙasa babu mai tayi ko ɗaya, gobe ma haka. Waɗanda suka riƙe hannun jarin bankuna a 2008 da 2009 ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

A kasuwa mai ƙarancin manyan masu saye irin tamu, kuɗin da asusun fansho ko wani babban mai jari ya ware wa rukunin kamfani ɗaya yana iya rabuwa biyu tsakanin uwa da reshe maimakon ya ninka. Shi ya sa nake ganin ƙaurar masu saye ta fi cancantar a sa mata ido a nan fiye da yadda littattafan waje suke ba ta muhimmanci.

Me labarin simintin Ashaka ke koyarwa, tun da shi ba sayarwa aka yi ba?

Shi ne wannan al'amari idan aka juya shi, kuma a ƙofar gidanmu ya faru. Masana'antar da ke ƙaramar hukumar Funakaye ta fara aiki a 1979, kuma shekaru da yawa AshakaCem reshe ne mai hannun jarinsa na kansa a kasuwa, alhali rinjayensa yana hannun babban kamfani na waje, wato Lafarge na Faransa. A 2014 aka tattara kadarorin Lafarge a ƙarƙashin Lafarge Africa, wanda ya karɓi kashi 58.61 cikin ɗari na Ashaka, sannan ya yi wa sauran masu hannun jari tayin musanya: guda 57 na Lafarge Africa a kan kowane 202 na Ashaka, da ƙarin naira 2 a kan kowane ɗaya. Da mutane suka karɓa, kason uwar ya haura kashi 80 cikin ɗari, abin da ke yawo ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, kuma a 2017 aka cire Ashaka daga jerin kasuwar.

Abubuwa biyu ne a ciki. Sayar da kason reshe ba aure ba ne na har abada, uwar tana iya dawowa ta saye, kuma hakan ya faru a ƙasashe da yawa. Sannan duk lokacin da uwar ta ƙara saye, cinikin reshen yana ƙara yin sanyi, har wanda ya ƙi tayin farko ya wayi gari da takardar da babu kasuwarta a kusa. Tsohon ma'aikacin da ya ajiye takardar shaidar hannun jarinsa a cikin ambulan a ƙasan akwati, bai mayar da ita asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari a na'ura, ba, bai kuma sabunta adireshinsa wurin magatakardan kamfani ba, shi ne wanda irin wannan sanarwa ke wucewa bai ji ba. A ɓangaren uwar kuwa, musanyar ta ƙara mata sababbin masu hannun jari, wato cinikin da ke gudana a reshe ya koma gidanta.

Yaya zan auna saurin cinikin hannun jarin uwar da kaina?

Manhajar dillalinka ko rahoton kasuwa na kullum sun ishe ka. A ɗauki misali na ƙirƙira: tayi mafi tsada naira 49, sallama mafi araha naira 51. Tazarar naira 2 ce, idan aka raba da tsakiyar farashin, wato 50, ta zama kashi 4 cikin ɗari. Ma'anarsa, wanda ya saya ya sayar nan take ya yi asarar kusan kashi 4 tun kafin a cire la'adar dillali da kuɗaɗen hukuma. Idan bayan wata shida tayi ya zama 49.80, sallama 50.20, tazarar ta koma ƙasa da kashi 1, ciniki ya yi sauƙi ko da farashin bai motsa ba.

Bayan tazara, sai a duba zurfi. Idan kana da guda 40,000, amma mai tayin naira 49 guda 5,000 kawai yake so, na bayansa yana 48, na bayan wancan yana 46, to farashin da za ka samu a zahiri ya yi ƙasa da wanda aka rubuta a allo. Daga nan a duba matsakaicin kuɗin da ake juyawa a rana, da yawan cinikin da aka ƙulla, domin ciniki ɗaya na miliyoyi tsakanin manyan mutane biyu yana kumbura lissafin rana ba tare da ya amfani ƙaramin mai sayarwa ba. Masana suna da ma'aunin da Yakov Amihud ya gabatar a 2002, wanda ke raba motsin farashi na rana da kuɗin da aka juya a ranar. Idan ɗan ciniki kaɗan yana jijjiga farashi sosai, kasuwar ba ta da zurfi.

Wajibi ne kuma a kwatanta da sauran kasuwa. Idan cinikin kowane kamfani ya ƙaru a wannan lokaci saboda kuɗin waje sun shigo ko ribar takardun bashin gwamnati ta faɗi, ba daidai ba ne a jingina ƙaruwar ga sayar da reshen.

Cinikin uwar ya ninka a makon da aka yi sanarwa. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Ranar kasuwa kowane ƙauye birni ne. Hayaniyar sanarwa tana kawo masu neman ribar kwana biyu, kuma sukan watse da zarar labarin ya tsufa. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne na watanni shida kafin sanarwa da watanni shida bayan reshen ya fara ciniki, a cire makonnin da ke kewaye da ranakun biyu.

Ina da haƙƙin a fara ba ni hannun jarin reshen saboda ina da na uwar?

Ba kai tsaye ba. Mai reshen a doka shi ne kamfanin, ba kai ba, don haka sai idan takardar bayanin sayarwa, wadda hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar jari ta amince da ita, ta ware wa masu hannun jarin uwar wani kaso. Idan ba ta ware ba, za ka nema kamar kowa. Rabon kyauta irin na UBA ne kaɗai ke zuwa maka ba tare da ka nema ba.

A rahoton kuɗin uwar, ina zan ga alamar wannan ciniki?

Muddin uwar tana riƙe da iko, za ta ci gaba da haɗa dukkan cinikin reshen da bashinsa a cikin lissafin rukuni, kamar ba a sayar da komai ba. Bisa ƙa'idar lissafi ta duniya da kamfanonin kasuwar Nijeriya ke bi, rarar da aka samu daga sayar da kaso ba tare da rasa iko ba ba ta shiga ribar shekara ta rukuni, ana rubuta ta ne kai tsaye a ɓangaren jarin masu kamfani. Wurin da ya kamata ka duba yana ƙasan jimillar riba, inda ake raba ta gida biyu: rabon masu hannun jarin uwar, da rabon tsirarun da ke cikin rassa. Jaridu sukan buga babbar jimillar a kanun labari, amma layin farko daga cikin biyun nan shi ne naka, kuma da shi ake lissafin ribar kowane hannun jari da ka riƙe.